Abin da Bibiyar Ƙuri'un Sanatoci Ya Koya Mini

Wanda bai taɓa yin aikin bibiyar ayyukan ɗan majalisar dattawa ba zai ɗauka lissafi ne kawai: a ƙirga zaman da ya halarta, da ƙudurorin da ya gabatar, da ɓangaren da ƙuri'arsa ta faɗa, sannan a yanke masa hukunci. A shekarun da na yi ina tattara irin waɗannan bayanai domin rubuta rahoto, babban abin da na koya shi ne cewa "e" ko "a'a" da aka rubuta a gaban sunan sanata ba ta nuna matsayinsa sai an san tambayar da aka yi wa zauren, da matakin da ƙudurin yake, da kuma dokar da majalisar take bi wajen kaɗa ƙuri'a.

Majalisar Dattawan Amurka, mai sanatoci 100, tana cikin waɗanda suka fi adana sunan kowa da abin da ya zaɓa, domin kundin tsarin mulkin ƙasar ya ba kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda ke zaure damar neman a rubuta ƙuri'ar kowa. Duk da haka, takardar tana iya yaudarar mai karatu. A watan Afrilun 2013 an kaɗa ƙuri'a kan wani gyara da zai faɗaɗa binciken masu sayen bindiga, ya samu ƙuri'u 54 alhali 60 ake bukata. A jerin waɗanda suka ƙi akwai Harry Reid, shugaban masu rinjaye, wanda kuwa yana goyon bayan gyaran. Ya sauya ƙuri'arsa ne da ya ga an faɗi, saboda a ƙa'idar majalisar, cikin waɗanda suka kaɗa ƙuri'a, wanda yake ɓangaren da ya yi nasara ne kaɗai zai iya neman a sake duba batun. Duk wanda ya kwafi sunayen bai san wannan ƙa'ida ba zai saka mutumin a sahun abokan hamayyarsa.

A Faransa matsalar ta ɗauki wani salo. Majalisar dattawan ƙasar tana da mambobi 348, kuma ta daɗe da al'adar barin mutum ɗaya ya kaɗa ƙuri'a a madadin dukkan 'yan rukuninsa na siyasa. Saboda haka ana iya ganin sunan sanata a cikin masu goyon bayan doka, shi kuwa bai shiga zauren ba a ranar. Irin wannan jeri ya fi bayyana matsayin jam'iyya fiye da na mutum.

Inda na fi shan wahala shi ne majalisun da suka dogara da ƙuri'ar murya, kuma Majalisar Dattawan Najeriya, mai kujeru 109, tana cikinsu. Shugaban majalisa zai nemi masu goyon baya su ɗaga murya, ya nemi masu adawa su ma su ɗaga, sai ya faɗi ɓangaren da kunnensa ya ce ya yi rinjaye, ya buga guduma, a wuce zuwa batu na gaba. Abin ba ya ɗaukar minti guda. Mai bibiya zai koma teburinsa da gurbin ƙuri'a babu komai a ciki, kuma kowane sanata yana iya komawa mazaɓarsa ya faɗi abin da ya ga zai yi wa jama'a daɗi. Hatta gyaran tsarin mulkin da ya ƙunshi batun tazarce, da murya aka yi watsi da shi a ranar 16 ga Mayu, 2006, ƙarƙashin Ken Nnamani, shugaban majalisar a lokacin. Abin da ya sa aka san matsayin sanatoci da dama a lokacin shi ne muhawarar da aka nuna kai tsaye a talabijin, inda suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya suna faɗa da bakinsu.

Shi ya sa nake ɗaukar ranar 15 ga Yuli, 2021 da muhimmanci. Ana muhawara kan sashen dokar zaɓe da ya shafi aika sakamako ta na'ura, aka kawo gyaran da ya ɗaure hukumar zaɓe da jiran amincewar hukumar sadarwa da ta Majalisar Tarayya. Enyinnaya Abaribe, shugaban marasa rinjaye a lokacin, ya ƙi yarda da hukuncin murya, ya nemi a kira suna. Aka samu 52 sun goyi bayan gyaran, 28 sun ƙi, 28 ba sa nan. Jaridu suka buga sunayen, kuma a watan Oktoba na shekarar majalisar ta janye wannan matsaya. Ba zan ce buga sunayen ne kaɗai ya jawo haka ba, amma a ganina mutum yana sake tunani idan ya san 'yan mazaɓarsa suna riƙe da takardar.

Waɗannan 28 da ba sa nan su ne suka koya mini yin taka-tsantsan da lissafin halarta. Rashin zuwa yana iya zama rashin lafiya, ko tafiyar aikin kwamiti, ko kuma dabarar kauce wa ƙuri'ar da za ta ɓata wa mutum da jam'iyyarsa ko da jama'arsa. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya wajabta wa majalisa zama na aƙalla kwana 181 a shekara, ya kuma tanadi rasa kujera ga wanda ya ƙaurace wa fiye da kashi ɗaya cikin uku na zaman ba tare da uzuri ba, to amma sanatan da ya cika kowane zama sannan ya ɓace ranar da aka kira suna bai karya wannan doka ba. A ɗaya gefen, William Proxmire na Amurka ya kaɗa ƙuri'a sau 10,252 a jere tsakanin 1966 da 1988, abin da ya cancanci yabo, sai dai adadin bai faɗa mana komai game da ingancin abin da ya zaɓa ba.

Yawan ƙudurori kuwa shi ne mizanin da na fi raina wa. Karatu na farko bai wuce karanta taken ƙuduri ba, kuma da yawa daga nan suke kwanciya har wa'adin majalisa ya ƙare. Aikin da ke sauya rayuwar mutane yana faruwa ne a kwamiti, wurin da ake zama da ministoci kan kasafin kuɗi, ake sauraron ra'ayin jama'a, ake cire sashe ko a ƙara. Hanyar da na samu ta gano hannun sanata a nan ita ce in ajiye ƙudurin yadda ya shiga kwamiti kusa da rahoton da ya fito, in bi su layi-layi da biro, sannan in nemi wanda ya kawo kowane sauyi a bayanan zaman. Aiki ne mai cin rai, kuma sau da yawa sunan da ke fitowa ba na wanda aka saba gani a labarai ba ne.

Yanzu idan zan rubuta rahoto kan wani sanata, a gefen kowace ƙuri'a nakan rubuta ainihin tambayar da aka kaɗa ta a kai da matakin da ƙudurin yake. Inda aka yanke hukunci da murya, nakan rubuta a fili cewa ba a ɗauki suna ba, in kuma ƙara ko akwai wanda ya tashi ya nemi a kira suna, da yadda shugaban majalisa ya amsa masa.