Daren da Aka Ɗauke Wuta a Aboabo

Talata, Kumasi.

Yau kasuwa ba ta ci ba a Kejetiya. Na wuni bayan tulin atamfa ina ƙara shafuka a tarihin Birnin Haske, ƙasar nan da na ƙago wata uku ke nan. Na riga na raba shi zamani uku: lokacin da ko inuwa babu, lokacin da Gamzaki ya ƙwace sarauta daga hannun yayarsa Zara, sai faɗuwar ganuwa. Sunayen duk a sama na aro su. Kaza da 'Ya'yanta ke gadin ƙofofi bakwai. Abin dariya, sai daga baya na gane Zara da Gamzaki tauraro ɗaya ne, da yamma suna ɗaya, da asuba wani. Na bar su a 'yan uwa masu gaba da juna, ai ya fi daɗi.

Muna idar da magariba aka yi mana dumso, wato aka ɗauke wuta. 'Ya'yan yayata suka baibaye ni a tsakar gida, na kunna fitilar waya na fara karanta musu. Ina kaiwa inda na rubuta "allolin birnin", Hajiya ta tsayar da jan carbi.

"Allolin wa? A'uzubillahi! A gidan nan?"

Na ce ai ƙage ne, Hajiya. Ta ce ko a ƙage harshe yana da linzami, in ce iskoki mana. Daga faɗa kuma sai ta ɓuge da labari: wai tun tana yarinya take jin masu bori na zancen Jangare, birnin iskoki, inda Sarkin Aljan Sulemanu ke mulki, ga su Sarkin Rafi da Ɗan Galadima, kowa da gidansa da halinsa. Ta rufe da istigfari sau uku. Ni dai na ji kunya. Nata birnin yana da mashaya da 'yan caca da masu fushi, nawa kowa fari fat kamar sabon likkafani.

Fitilar da ta sauko daga sama a babi na ɗaya kuwa, ban ɓoye ba, daga Asantawa na ɗauko, kujerar zinaren da suke cewa bokansu Okomfo Anokye ya sauko da ita kan cinyar sarkinsu Osei Tutu ranar wata Juma'a. Su kam a 1900 har yaƙi suka yi da Turawan Ingila a kanta, sarauniya Yaa Asantewaa na gaba. Tawa fitilar ko kaza ba za a yanka dominta ba tukuna.

Sai autar yayata, mai shekara shida, ta ja mini riga.

"Kawu, in babu dare a garin, yaushe suke tatsuniya?"

Na yi shiru. Kowa ya san ba a tatsuniya da rana. Ita da kanta ta warware: wai shi ya sa Zara ta yi yaji ta auri Wata, ta kawo musu dare a kayan gara. Hajiya ta yi dariya har carbi ya faɗi.

Wajen tara da rabi wuta ta dawo, yaran suka watse gaban talabijin. Na soke rabin babi na biyu. Kalmar can ma na goge ta, Hajiya na tsaye a kaina har na gama.