Suga in ya faɗi ba ya jiran a yanki kati

Wlh har yau in na tuna ranar sai gabana ya faɗi. Azumin da ya wuce ne, Kawu yana zaune ƙofar gida a Tudun Wada bayan la'asar kawai sai gumi ya fara keto masa, hannu na rawa, magana na harɗewa kamar wanda ya sha wani abu. Inna ta ce iska ne a kira malam, wani ya ce hawan jini ne, ba wanda ya tuna mutumin nan ya sha Daonil, maganin ciwon suga, da sahur kuma ɗan koko kawai ya kurɓa.

Muka sa shi a Keke Napep sai asibiti, kafin mu isa ya daina amsawa. A can aka ce mu je mu yanki kati tukuna, muna ta safa da marwa shi kuma yana kwance kan benci, sai wata nas Allah ya saka mata da alheri ta ce "Baba yana da ciwon suga ne?" Ta tsira masa allura a yatsa, na'ura ta nuna 2.1. Duk abin da ya yi ƙasa da 3.9 ya faɗi fa. Aka ɗura masa ruwan gulukos ta jijiya, cikin mintuna ya buɗe ido yana tambayar an sha ruwa ne.

Abin da ke ci min rai gwajin nan ko minti ɗaya bai kai ba. Ƙwaƙwalwa da suga take aiki kuma ba ta ajiye shi, in ta daɗe babu sai jijjiga, sai doguwar suma, wani ya tashi da lahani har ƙarshen rayuwa, wani ba ya tashi. Kuma ba masu ciwon suga kaɗai ba, yaron da maleriya ta yi wa tsanani ma sugansa na faɗuwa.

Likita ya ce da tun a gida muka ba shi sikari ƙaramin cokali uku a ruwa ko rabin kwalbar lemo yana iya haɗiya, da ba a kai nan ba, amma wanda ya suma kar a ɗura masa komai, zai shaƙe, a kwantar da shi ta gefe a ruga asibiti. Ya hana mu tafiya daren, ya ce Daonil na daɗewa a jiki, sugan zai iya sake faɗuwa.

Kuma sugan ya sake faɗuwa kuwa, wajen biyun dare, ma'aikatan asibiti suna kusa suka tare shi.