Litinin: adashi ya shigo da sahe, da dare saura dala ɗari

Ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce, kuran ya tahi tun bayan isha'i, ina zaune ƙofar ɗaki da fitilar waya da ɗan kaye na da nike rubuta awon kwastoma, sai dai yau ba awon riga nike ba, awon aljihuna nike. Maiɗakina ce ta sa ni, ta ce ba ta kwana sai na hwaɗa mata inda kowace jikka, wato sefa dubu, ta shiga.

Yau na kwashi adashinmu na teloli. Mu 20 ne, kowa jikka 5 duk sati, kwasa guda jikka 100 cif. Tun farkon damina na roƙi uban adashi ya aje mani kwasata ta faɗo cikin Oktoba, don lokacin ne sabon hatsi ke shigowa kasuwa kuma lokacin ne ɗiya ke komawa lakkwal. Wata biyar ina zubi, har da satin da ban ɗinka ko wando guda ba sai da na ranto na cika. Lissafin da na yi a kai tun tuni mai sauƙi ne, buhu huɗu na hatsi, in buhu na jikka 22 kenan 88, sauran 12 kayan lakkwal. Ko yaro ɗan aji uku ya iya wannan.

Da hantsi anka kawo mani kuɗɗin shago cikin leda baƙa. Ban san yadda labari ke yawo a garin nan ba wallahi, ban hwaɗa ma kowa ba amma kamin in ƙare maɓallan tenin da ke hannuna sai ga Kawu tsaye da takardar likita, ƙafarshi ta sake kumbura. Wannan ba abin shawara ba ne, shi ya kai ni wurin koyon ɗinki ina ɗan shekara 13 lokacin da Baba ya rasu, na karɓi takardar na aiki yaron shago farmasi, jikka 7. Ya ce Allah shi yi maka albarka ɗana, na ce amin Kawu, cikin raina kuma ina cire 7 daga 100.

Sai suna gidan maƙwabcinmu, jiya anka raɗa amma ban samu zuwa ba, na bi na yi barka na aje 3. Ranar sunan autarmu shi ma abin da ya aje kenan, maiɗakina na da shi rubuce, biki a nan bashi ne da ba a kiranshi bashi.

Na ukun shi ya fi tsaya mani. Abokina ne tun ƙuruciya, kabu-kabu yake yi, ya zo ya zauna bisa benci ya yi ta zagaye-zagaye, ya tambayi lahiyar Inna, ya tambayi keken ɗinki, sannan ya ce moto ta tsaya, in ranta mai jikka 20 zuwa ƙarshen wata. Na san shi, ba maƙaryaci ba ne, amma na san ƙarshen watan nan nashi ba ya zuwa, akwai 10 ta bara da har yau in mun haɗu sai dai mu yi zancen kokowa. Na ce mai aboki ba ni da 20, ga 5 kyauta ba rance ba. Ya karɓa amma fuskarshi ta canza, ya ce to ai bashi hanji ne yana cikin kowa. Na ce haka ne. Da ya hita sai na ji kamar ni na yi laifi, kuma na san da yamma za a ce a fada tela ya kwashi adashi ya hana. Abin da ke ba ni haushi da mu kenan, in ka riƙe a ce marowaci, in ka saki ranar da ka rasa su ɗin dai za su ce ai ba ya da tattali. Duk da haka gara 5 da na san ta tahi da 20 da zan dinga kallon hanya.

Kayan lakkwal sun ci 9, kaye da bik da allo da takalmin roba na babbar, teni kam ni na ɗinka da ragowar yadi. Saura 76.

Bayan azahar na hau moto na nufi wajen 'yan hatsi. Litinin ce, kasuwa ta cika, motocin ƙauye daga Madarumfa da Gidan Rumji da wajen Dakoro sun sauke, sabon hatsi har ƙamshi yake. Tiya dala 110, dala 200 ke jikka, buhu mai tiya 40 jikka 22 kamar yadda na zata. Na tsaya na yi ciniki har maƙogwaro ya bushe, Alhajin ya ce malam tela ko dala ba ta sauka, in ka dawo bayan sallar layya ka ji kuɗɗinshi. Gaskiya ya hwaɗi. Na auni buhu uku 66, mai adaidaita ya kai gida jikka guda da rabi.

Mu gidanmu hatsi ba wasa ba ne. Inna har gobe in ta ga kuɗɗi a hannunka cewa take takarda ce, mai da ita abin da ake ci. Ba ta yi lakkwal ba amma ta ga abin da ya ishe ta. Ta ga 1994 da anka karya darajar sefa cikin dare guda, abin da Baba ya tara don sayen keke ya koma bai kai ba. Ta ga 2004 da anka canza takardun kuɗɗi, tsofaffi na tono gwangwani daga ƙarƙashin gado suna bin layin banki. Sannan 2005, wadda ni ma na gani da idona, fari da fara sunka ci gonaki a daminar da ta gabata, hatsi ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba, mata daga ƙauyuka goye da ɗiya ramammu cike da wuraren ba da magani a nan Maradi. Shekarar nan rumbun da Inna ta ƙi taɓawa tun kaka shi ya hisshe mu. Ko 'yan kasuwarmu masu aje naira don suna sari Katsina da Kano ta Dan Isa da Jibiya, sun ji a jika farkon 2023 da Najeriya ta canza takardunta, ga kuma naira ta zube, yau jikka guda ta haura naira dubu biyu, abin da in ka hwaɗa ma dattijon da ya yi fatauci zamanin da naira ke da ƙarfi sai ya girgiza kai. To shi ya sa nike jin in ban ga buhu jingine cikin ɗaki ba kamar ban aje komi ba. Kuma buhu na da wata fa'ida da ba a cika hwaɗi ba, ba mai zuwa shago ya ce ranta mani buhu zuwa ƙarshen wata. Tiya biyu dai a roƙa, ita kuma ba ta kashe mutum.

Nan ne fa abin ya lalace. Bayan an ɗora buhunan sai na taɓa aljihu, saura jikka 8 da rabi. Ba su kai buhu na huɗu ba, kayan lakkwal an gama, sai kawai na ji kamar kuɗɗin nan ba su da mai su. Duk sauran suna da suna, wannan na hatsi wannan na ɗiya, su ko waɗanga marayu ne. Na bi ta wajen mai turare, wai in sunsuna kawai, na hito da kwalba ta jikka 3. Na sha isansi, na sa kiredi a waya, guda da rabi. Da la'asar na biya fada, tun kamin in kashe moto anka fara ihu ga mai adashi ga mai adashi, to mi za ka yi, na aika anka sawo tsire da sukari da ganyen shayi, jikka 2. Abokin nawa na wurin, ya ci tsiren sosai, har mun yi dariya, na ji sanyi a raina ba zan ɓoye ba.

Da na shigo gida maiɗakina na zaune kusa da buhunan tana tsince wake. Ta ce sannu da zuwa Malam, uku na gani. Na fara zuba mata bayani, Kawu, suna, aboki, yadda mutane ba su barin mutum ya tara, na yi ta yi har da ɗaga hannu. Ta bari na ƙare sannan ta ce na Kawu da na suna da na abokinka 15 ne, ban ce komi ba kansu, ko ni ce zan ba da. Sauran fa? Na ce ai 'yan canji ne sunka rage. Ta ce nawa. Na ce 8 da rabi. Ta aje faranti ta ƙirga da yatsu ta ce tiya 15 kenan Malam, har da canji. Tuwon kwana nawa ne gidan nan?

Ban taɓa tunanin haka ba a kasuwar, wallahi ko sau guda. Kaina na kan buhu, da buhu ya gagara sai na manta ana sai da hatsi da tiya.

Ita dai haka Allah ya yi ta. Ƙuli-ƙuli da mai take yi cikin gida, ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma duk Alhamis sai ta kai zubinta ƙungiyarsu ta Mata Masu Dubara, wannan tsarin da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a jihar nan ta Maradi tun 1991 har ya bazu ƙasashe. Akwatin ƙarfe ne da kwaɗo uku, makullan hannun mata uku daban, ba mai buɗewa sai gaban kowa, mai bukata ta ranta ta maido da ɗan ƙari, shekara ta zagayo su fasa su raba. Da rabon bara ta sayi tunkiyar da ke ɗaure bayan ɗaki, yanzu ciki gare ta. Ni da ke da keke biyu da yaron shago ban da ko kaza. Da can ina yi mata dariya, in ce dala 50 dala 50 yaushe za ta zama kuɗɗi. Na daina.

Amma ni ma ina da abin cewa, ko da ban ce mata ba. Mutum na ɗinki tun sahe har dare, baya na ciwo ido na yaji, wata biyar yana zubi, ranar da ya kwasa ace ko tsire ba zai ci da abokai ba? Tsiren nan ban yi nadamarshi ba. Turaren ne dai, don ina da wata kwalbar da ko rabi ba ta yi ba.

Na haɗa lissafi sau uku yanzu. Hatsi da dako 67 da rabi, Kawu 7, suna 3, aboki 5, lakkwal 9, turare 3, fada 2, isansi da kiredi guda da rabi, 98 kenan. Aljihu dala ɗari. Jikka guda da rabi ta ɓace, na zazzage wando na duba ƙarƙashin sirdin moto babu. Ina jin akwai almajiran da na ba sadaka bakin kasuwa, da ruwan sanyi, da goro da na saya ma Inna, amma ko an haɗa ba su kai ba.

Dala ɗarin ma ta karɓe, ta ce Alhamis ta kusa. Gobe akwai teni 6 da za a zo ɗauka, ta ce in an biya kar in biyo ta wajen mai turare, in wuce kai tsaye wurin Alhajin hatsi da buhun da ta ninke ta aje mani bisa moto.