Daga Zariya Zuwa Osogbo a Kan Sawun Tawada

Ban sami motar da za ta kai ni Osogbo, babban birnin jihar Osun, kai tsaye daga Zariya ba, sai na kwana a Abuja na kama ta asuba. Hantsi ya ɗaga muka haye gadar kogin Kwara gab da Lokoja. Daga nan ƙasa ta fara sauya kama, ciyawa ta yi tsawo, kwakwar manja ta karɓe wurin ɗorawa da kaɗanya. A wajajen Kabba na roƙi direba ya nuna mini ɓangaren da Ogidi take. Ya nuna da haɓa, ya tambaye ni ko ina da dangi a can. Na ce a'a, mahaifar wani mai zane ce da nake bin sawunsa.

A Ogidi aka haifi mai zanen, Twins Seven-Seven, a 1944, amma a Osogbo ya yi suna. Mahaifinsa Musulmi ne ɗan Ibadan, mahaifiyarsa Kirista ce 'yar garin. An ce sau bakwai tana haihuwar tagwaye ana wabi, shi kaɗai ya rayu, daga nan ya ɗauki sunan da duniya ta san shi da shi. Ya rasu a Ibadan a 2011, don haka ba shi na je gani ba, aikin hannunsa na je gani, da kuma kayan da aka yi aikin da su.

Ni sana'ata zayyana. A gidanmu ake yi wa masu saukar Alƙur'ani allo, daga baya na fara zana su Gizo da Ƙoƙi da Dodo saboda yara. Abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya shi ne alƙalami. Na gamba yana ba ni layi mai rai, amma duk yadda na feƙe shi ba ya sirancewa yadda nake so. Na kanti mai bakin ƙarfe yana sirancewa, amma tawadarmu ta gawayi da ƙaro tana toshe shi tun kafin in gama fuska guda. Da na ga hotunan aikin Twins, layuka sirara cunkushe babu masaka tsinke, sai na ƙudura sai na je na ga yadda aka yi.

Bayan magariba muka shiga Osogbo. A Sabo na sauka, wurin wani Alhaji mai fataucin goro, haifaffen unguwar, wanda Yarbanci ya zauna a bakinsa daram. Shi ya zame mini tafinta. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, ya ce, "Malam, tun daga Zazzau saboda bakin alƙalami? To Allah ya ba da sa'a. Gobe kurmi za mu fara zuwa, in ba ka ga kurmin ba ba za ka gane abin da suke zanawa ba."

Gaskiyarsa. Kurmin Osun yana gefen gari, faɗinsa kusan hekta 75, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Da shigarka hayaniyar babura ta yanke, sai sanyin inuwa da birai suna saukowa neman ayaba. Kogin Osun ya ratsa ta ciki. Masu addinin gargajiya na Yarbawa sun ɗauki Osun a matsayin abar bautarsu mai ba da haihuwa, kuma duk watan Agusta ake yi mata biki, wata budurwa da ake kira Arugba ta ɗauki ƙwarya daga fadar Ataoja, sarkin Osogbo, zuwa bakin ruwa. Ni Musulmi ne, ban je ibada ba, ban kuma yarda da abin da aka yarda da shi a can ba. Amma ido na mai zane ba zai wuce waɗannan gine-ginen siminti ba tare da ya tsaya ba. Susanne Wenger, 'yar ƙasar Ostiriya da ta zauna a garin har rasuwarta a 2009, ita da magina irin su Adebisi Akanji suka ɗaga su: dogayen siffofi masu hannuwa da yawa, katangu masu lanƙwasa, ƙofofi da sai ka sunkuya. Babu miƙaƙƙen layi ko ɗaya. Sai na ɗaga kai na dubi saiwoyi da kurangar da suka nannaɗe bishiyoyi, na ga ai daga nan aka kwaso layin.

Labarin masu zanen garin ya faro ne daga Mbari Mbayo, dandalin da ɗan wasan kwaikwayo Duro Ladipo ya buɗe a 1962 tare da Bajamushe Ulli Beier. A 1964 Georgina Beier, wata mai zane 'yar Ingila, ta shirya wani taron koyon zane, ta ba samari takarda da fenti, ba ta ce su kwaikwayi kowa ba. Twins a lokacin ɗan rawa ne da ke bin masu tallar magani gari-gari. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda masu zanen Osogbo suka jawo kayan aiki daga abin da hannunsu ya riga ya sani. Jimoh Buraimoh, mai haɗa wutar lantarki a ƙungiyar Ladipo, ya dubi duwatsun adon da ake jerawa a hular sarakunan Yarbawa ya fara manna su a katako suna zama hoto. Asiru Olatunde, ɗan gidan maƙera, ya riƙa buga labarai a farantin sanholo. Twins kuwa ya riƙe alƙalami da tawada, ya koyi karta zane a farantin ƙarfe don bugawa, daga baya ya fara yanka filawud yana ɗora wani bisa wani, siffofin su taso daga jikin hoton. Mu a Zariya muna tinƙaho da ƙungiyar ɗaliban zane ta 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya, kuma mun cancanta. Amma waɗancan 'yan kwaleji ne. Na Osogbo ba daga kwaleji suka faro ba.

A gidan wani mai tara zane-zane na tsaya gaban aikin Twins ido da ido. Wata halitta ce, rabi mutum rabi dabba, idanu fiye da biyu, tana riƙe da wasu ƙananan halittu. Daga nesa abin tsoro ne. Na matsa har numfashina ya kusa taɓa gilashi. Jikin halittar duka saƙa ce ta tawada: ɓawon kifi jere bisa jere, cikin kowane ɓawo ɗigo, gefen kowane ɗigo ƴan layuka, kamar dai aikin allura a wuyan babbar riga. Launin ruwan ƙasa da rawaya an shafa su sama-sama, ba su rufe layin ba. A wani wuri tawada ta ɗan taru, bai goge ba, ya mai da ita ido. Na daɗe a tsaye. Abin da na gane shi ne tsoron ba daga siffar yake zuwa ba, daga cunkoson yake, ido ba ya samun wurin hutawa. Dodona na gida fili ya yi masa yawa, shi ya sa yara ke yi masa dariya.

Da la'asar Alhaji ya kai ni wurin wani dattijo mai zane a bayan kasuwa, wanda ya koyi aiki a hannun mutanen wancan zamani. Yana zaune a tabarma da filawud bisa gwiwa, yana zana Sango, abin bautar Yarbawa na tsawa da walƙiya, da gatarinsa mai baki biyu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce wa Alhaji, "Tambayi ɗana me ya zo nema." Na fito da alƙalumana da kwalbar tawada na shimfiɗa.

Baba ya jawo wani gwangwanin madara ya zazzage. Na kanti biyu ne kawai a ciki. Sauran duk shi ya ƙera: ƙarfen tsohuwar lema da ya goge bakinsa, kwarmin da ke jikinsa yana riƙe tawada, wayar ƙafar keke da ya daddale ya tsaga, allurar asibiti da ya yanke tsininta, tsinken gora iri-iri. Ya ce tun yana saurayi yake nema, har yau bai sami wanda ya gamsar da shi ba, kowanne da layin da ya iya. Ƙarfen lema na ɓawon kifi ne, allura ta ɗigo ce, gora ta gashi.

Sai ya ɗiga tawadata a yatsa ya murza. Ya ce, "Akwai tsakuwa a ciki." Gawayi, in ji shi, komai niƙa ba ya laushi kamar baƙin hayaƙin fitila, shi ya sa take toshe ƙarfe. Ya ja layi da ita, ya bari ta bushe, ya shafa jiƙaƙƙen buroshi, layin ya narke. Ya yi haka da tasa, ta tsaya cak. Tasa irin ta kanti ce da ake haɗawa da wani danƙo da ƙwari ke fitarwa a ƙasar Indiya, in ta bushe ruwa ba ya ɗaga ta. Na bayyana masa cewa tamu da gangan aka yi ta haka, don almajiri ya wanke allo ya sake rubutu. Ya jinjina kai ya ce to wannan tawadar koyo ce mai kyau, amma mai son ɗora launi bisa layi sai ya nemi wata.

Ya ɗauki alƙalamin gambana ya gwada a gefen katako. Ya ja, ya juya bakin, layin ya yi kauri ya koma siriri a jan hannu guda. Ya sake ja. Ya kira wani yaronsa ya zo ya gani. Babu ko ɗaya cikin ƙarafansa da ke yin haka, kuma ya ce walƙiyar Sango irin wannan layin take so. Abin da nake raina wa gamba, shi ne abin da ya rasa.

Kafin in bar garin na leƙa cibiyar mai zane Nike Okundaye, inda mata ke zana adire, yadin rini na Yarbawa, da kunun rogo da gashin kaza kafin a tsoma yadin a baba. Na sayi gashin ɗauri guda. Baba mai zanen nan kuwa ya ba ni ƙarfen lema biyu da allura ɗaya, ya koya mini yadda ake kifa faranti a kan fitila a kankare baƙin, a tace da ƙyalle mai laushi kafin a zuba ƙaro. Ni kuma na bar masa alƙaluman gamba da na zo da su duka, na nuna wa yaronsa yadda ake feƙewa da tsaga baki. Mun yi da Alhaji cewa in kaka ta yi, gamba ta bushe, zan ɗaure dami in ba direbobin motar goro su sauke a Sabo.