Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Wa Ya Aike Ki?

Assalamu alaikum masu bibiyar wannan labari. Makon jiya mun tsaya a inda korona ta rufe mini shagon kitso wata biyu, muna zaune a gida a Greensboro ta jihar North Carolina a Amurka muna cin abin da muka tara. Ana jibi ƙaramar Sallah ta 2020 aka ba mu izinin buɗewa. Washegarin Sallah, 25 ga Mayu, wani Baturen ɗan sanda, Derek Chauvin, ya danne wuyan wani baƙar fata, George Floyd, da gwiwa a birnin Minneapolis fiye da minti tara har rai ya yi halinsa. Kafin mako ya zagayo, zanga-zangar adawa da kisan ta iso mana, shagunan titin Elm a tsakiyar garinmu sun toshe tagoginsu da katako, aka sa dokar hana fitar dare.

Akwai wata Baturiya da ta daɗe tana kawo mini yarinyar da take riƙo, baƙar fata, ina yi mata kitso. Mace ce mai kirki, ba zan ci haƙƙinta ba. Tana cikin wata ƙungiya ta Turawa zalla masu yaƙi da wariyar launin fata. Ranar nan ta shigo da murnarta, ta miƙo mini waya. Sai ga hoton ƙofar shagona a Facebook, da sanarwar cewa daga nan za a tashi zanga-zanga ranar Asabar don nuna goyon baya ga baƙi 'yan Afirka. Har an fara tara kuɗi da sunanmu.

Gabana ya faɗi. A layin shagunan nan akwai mu 'yan Nijar, akwai mai sayar da garin rogo da busasshen kifi, akwai mai aika kuɗi gida. Ɗaya daga cikin masu taya ni kitso takardunta na neman mafaka suna gaban alƙali. Baturiya idan aka kama ta a zanga-zanga, lauya zai fito da ita kafin dare. Wanda ba ɗan ƙasa ba, kamu ɗaya na iya bin sa har ofishin shige da fice, ya wayi gari a jirgin Yamai. Amma bakina ya yi nauyi. Tarbiyyar Maraɗi ba ta koya mini yadda ake ce wa mai son taimakonka ya dakata ba.

A kujerar gefe akwai wata dattijuwa Ba'amurkiya baƙar fata, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti, da muke kira Mama. Ta karɓi wayar, ta gyara tabarau, ta karanta har ƙasa. Sai ta ce, "'Yata, wa ya aike ki?"

Baturiyar ta ce ai taimako suke son yi. Mama ta ce, "Na ji. Cikin matan nan wa kika tambaya? Kuɗin da kuka tara, a hannun wa suke, kuma wa za ku nuna wa lissafi? Idan masu bindiga suka zo ranar Lahadi bayan kun koma unguwarku, wa za su tarar a nan?"

A ranar na fara jin labarin 3 ga Nuwamban 1979. Mama tana budurwa a Morningside Homes, unguwar baƙar fata ta gidajen gwamnati, lokacin da wata ƙungiyar 'yan gurguzu ta shirya gangamin adawa da Ku Klux Klan, ƙungiyar Turawa masu ƙin jinin baƙar fata, a can. 'Yan Klan da 'yan Nazi suka zo da motoci, suka buɗe wuta a gaban kyamarorin talabijin, suka kashe mutum biyar, ba 'yan sanda a wurin duk da suna da ɗan leƙen asiri a cikin maharan. Sau biyu, a 1980 da 1984, masu taya alƙali yanke hukunci, dukansu Turawa, suka wanke waɗanda aka gurfanar. Mama ta ce ba ta taɓa raina jarumtar waɗanda suka mutu ba, kuma yawancinsu ba baƙar fata ba ne. "Amma ƙofar uwata ba wanda ya ƙwanƙwasa ya ce kun yarda a yi a nan? Mu ne muka ci gaba da kwana a unguwar."

Baturiyar ta fashe da kuka. Na yunƙura zan rarrashe ta, Mama ta dafa mini hannu. Muka zauna shiru har ta share hawayenta. Daga baya Mama ta gaya mini cewa da na tashi, da zancen ya koma kan zuciyar mai kuka, an manta da shagona. Wannan na riƙe shi har yau.

An yi zama da 'yan ƙungiyar Baturiyar bayan kwana biyu a filin ajiye motoci na wani coci, kowa da takunkumi, kujeru nesa da juna. Wani tsohon malamin makaranta ya tuna musu cewa maganar tsohuwa ce: tun 1966, zamanin da Stokely Carmichael ke shugabancin ƙungiyar ɗalibai ta SNCC mai fafutukar 'yancin baƙar fata, aka ce wa Turawan cikinta su koma su yi aiki a cikin danginsu, inda cutar take. Sharuɗɗan da aka gindaya ba su da yawa. A cire hoton shagon a daren. Kada a sake sa sunan wata unguwa ko fuskar wani sai an tambaye shi, kuma idan ya ce a'a, a'a ce. Duk wata su zo da takardar kuɗi, abin da ya shigo da inda ya tafi. Idan aka fita titi, masu jagora su ne masu abin, Turawa kuma su tsaya tsakaninsu da 'yan sanda.

Wani saurayi a cikinsu ya fusata, ya ce wannan ma wariya ce, ya shiga motarsa. Wasu biyu ba mu sake ganinsu ba. Ni kuwa abin da ya ɗaure mini kai daban ne: su waye masu abin? Mama da kakanninta sun yi ɗaruruwan shekaru a ƙasar nan, ni cacar biza ta kawo ni. Abin da take tsoro ba shi nake tsoro ba, ko da yake ɗan sanda ba ya tambayar ɗana inda aka haifi uwarsa. Na yi ƙarfin hali na faɗi haka a wurin, da guntun Turancina. Mama ta ce to a ba 'yan Afirka kujerarsu daban, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Haka na zama ɗaya daga cikin masu duba lissafin Turawa, ni da ko takardar haraji sai 'yata ta karanta mini.

Kuɗin da aka tara da sunanmu mu muka yanke inda za su: hayar shaguna uku, sauran ga lauyan mai taya ni kitso. Zanga-zangar aka mayar da ita tsakiyar gari. Baturiyar ta dawo a watan Yuli da takardarta a hannu, ta dawo a Agusta, lokacin da kyamarori suka riga suka watse. A ma'aunina, da wannan dawowar na auna ta, ba da hawayen ba.

Sai dai a daren Juma'ar nan, ana gobe za a fita, na tarar da babbar 'yata tana rubuta kwali a ɗakinta, babanta kuma yana kan hanya da tirela bai san komai ba. Yadda muka kwashe da shi a waya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.