Furotin ɗin da ke gindin faranti, da matan da ke yawan ɓari

A ɗakin gwajin jini nake aiki, kuma akwai gwajin da nake fatan a riƙa turo mana shi fiye da yadda ake yi. Kayan aikinsa wani faranti ne na roba mai ƙananan ramuka 96. Idan ka leƙa ba za ka ga komai ba, amma an shafe gindin kowane rami da wani furotin mai suna beta-2 glycoprotein I.

Hanta ce ke haɗa shi a jikinmu ta sako shi cikin jini. An daɗe ana zaton wani kaso nasa yana tafiya manne da ƙwayoyin da ke jigilar maiƙo, shi ya sa ake kuma ce masa apolipoprotein H. Yana da hannu wajen daidaita daskarewar jini. Tun 1961 aka gano shi, sai dai ba a san muhimmancinsa sosai ba sai a 1990, lokacin da masu bincike suka gane cewa shi ne garkuwar jikin wasu mutane ke kai wa hari bisa kuskure. Idan haka ta faru jini yakan yi guda a jijiya, a ƙafa ko huhu ko ƙwaƙwalwa. Ga mai juna biyu kuwa mabiyiya ce ke shan wahala, ciki ya zube ko ɗa ya koma. Likita Graham Hughes ya bayyana wannan ciwo, wanda ake kira antiphospholipid syndrome, a Landan a 1983.

Ana iya tace furotin ɗin daga jinin mutane, har yanzu ma ana yi. Amma yau ana ɗaukar ƙwayar gadonsa, wato bayanin da jiki ke bi wajen haɗa shi, a dasa a cikin ƙwayoyin da ake reno a kwalba, su riƙa ƙera shi. Sassa biyar gare shi a jere, kuma da wannan dabara ake iya ƙera kowane sashe shi kaɗai. Ta haka aka gano cewa na biyar ne ke kama maiƙon jikin ƙwayoyin halitta, na farko kuma shi ne harin ya fi faɗa wa.

Mukan ɗiga ruwan jinin mara lafiya a ramin, mu jira, mu wanke, mu ƙara sinadari. In akwai matsalar, sinadaran garkuwar da ke kai harin za su manne wa furotin ɗin, sai ramin ya yi shuɗi, daga baya ya koma ɗorawa. Duk lokacin da na ga launin ya yi ƙarfi, wadda ke da jinin nake tunawa, domin galibi mace ce da ta sha jin “sai haƙuri” har ta gaji, wata ma an ɗora wa kishiya laifi ko an ce iska ce.

Ba kowane ɓari ne wannan ciwo ke jawowa ba, dalilan suna da yawa. Amma ƙa'idojin da aka wallafa a 2006 a fili suke: ɓari uku a jere kafin mako 10, ko rasa ɗa a ciki daga mako 10 zuwa sama, ko haihuwa kafin mako 34 saboda jijjiga, duk sun isa a duba. Gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci, dole a maimaita bayan aƙalla mako 12, don zazzaɓi ko wata cuta na iya ɗaga sakamakon na ɗan lokaci. A nan muke rasa mata da yawa, ba sa dawowa, ko don kuɗi ko don ba wanda ya zauna ya yi musu bayani. Wannan yana ci mini rai, domin in an tabbatar akwai magani: ƙaramin asfirin da allurar hefarin, mai hana jini yin guda, a hannun likita, tun farkon ciki.