Godiyarmu Ga Duk Wanda Ya Tako Zauren Malam

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

A madadin mahaifiyarmu, wadda ke cikin takaba, da ƙannen mahaifinmu da 'ya'yansa da jikokinsa, nake rubuta wannan saƙo daga Talata Mafara domin miƙa godiyarmu ga jama'ar da suka yi ɗawainiya da mu tun daga kwanakin jinyar Baba har zuwa ranar da aka naɗe tabarmin makoki. Ba zan kama sunan kowa ba, saboda waɗanda suka cancanci godiya sun fi ƙarfin lissafina, kuma da yawansu ban taɓa ganin fuskokinsu ba sai a wannan zama. Shi kansa marigayin ba sai na kama sunansa ba, tunda ɗa ba ya kiran sunan uba, kuma a garin nan da ƙauyukan kewaye idan aka ce Malam mai rubuta koke, kowa ya san gidan da ake nufi.

Muna godiya ga ma'aikatan jinyar da suka kula da shi a Gusau, da matasan unguwarmu da suka yi layi domin ba shi jini, da maƙwabcinmu direba wanda ya ɗauke shi da almuru ya bi da shi hanyar da kowa ya san halin da take ciki, bai tsaya maganar kuɗin mai ba. Muna godiya ga liman da waɗanda suka yi masa wanka da sutura, da samarin da suka haƙa kabari suka ƙi karɓar ko sisi, da matan maƙwabta da suka riƙe murhu kwana bakwai ba tare da an roƙe su ba. Waɗanda suka taso daga Anka da Bakura da Maradun da Bukkuyum da Sakkwato, a lokacin da matafiyi ke barin gida da addu'a a baki bai san abin da zai tarar a gaba ba, Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya bar zumunci.

Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai, wanda shi ne ainihin dalilin wannan rubutu, ya wuce hidimar jana'iza. Mun zauna a zaure muna zaton mu ne za mu ba masu ta'aziyya labarin mahaifinmu, sai ga shi su ne suka zo mana da labarinsa, kowa da guntun da ya riƙe, har muka gane cewa mu 'ya'yansa ɓangare kaɗan muka sani na rayuwarsa.

Ranar uku da hantsi wani dattijo ya shigo yana dogara sanda, ya gaisa da mutane, ya yi addu'a, sannan ya sa hannu a aljihun rigarsa ya zaro wata leda da aka naɗe ta ninki-ninki. A ciki akwai takarda wadda ta yi jawur don tsufa, gefenta ya fara zagwanyewa, kwafi ne na kabon da aka buga da tafireta, kuma a ƙasanta akwai jerin sunaye da tambarin yatsu. Ya ce mini: "Yaro, ka san wannan?" Na ce ban sani ba, Baba. Ya ce koken da Malam ya rubuta musu ne a kan diyyar gonakinsu lokacin aikin madatsar ruwa ta Bakolori. Wanda ya tashi a wannan yanki ya san tarihin: an kammala ginin madatsar a 1978 a kan gulbin Sakkwato, ruwa ya ci gidaje da gonakin dubban mutane, aka karɓe filaye domin shirin noman rani, maganar diyya ta yi ta jan ƙafa, manoma suka tare hanyoyin aiki, har a watan Afrilun 1980 aka tura musu jami'an tsaro aka zubar da jini. Dattijon ya ce shi bai iya karatu ba, amma ya san layin da sunansa yake, ya kuma ɗora yatsa a kai ya nuna mini. Ya ce abin da aka ba shi a ƙarshe bai kai rabin gonarsa ba, amma ya adana takardar fiye da shekara arba'in domin ita ce karo na farko da wani mai ilimi ya zauna a ƙasa tare da shi, ya saurare shi har ya gama, ya rubuta, sannan ya karanta masa abin da ya rubuta ya tambaye shi ko haka ne. Na roƙe shi ya bar mana ita, ya girgiza kai ya mayar da ita aljihu, kuma na ga gaskiyarsa.

Baba malamin firamare ne, a nan ya ƙare aikinsa, bai taɓa tsayawa takara ba, bai taɓa riƙe muƙamin da ya wuce shugabancin makaranta ba. Tun yana saurayi ya sha ruwan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950, a zamanin da furta kalmar sawaba a bainar jama'a ke iya kai mutum gaban alƙali, kuma da aka dawo siyasa a 1978 ya bi Malam Aminu Kano zuwa jam'iyyar PRP. Yakan ba mu labarin yadda ya ga talaka yana sayar da akuyarsa ɗaya tilo saboda haraji, da yadda ya yi farin ciki sa'ad da gwamnatocin PRP na Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali, ko da yake mu a lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Sakkwato. Inna ta ce ranar da rediyo ta sanar da rasuwar Malam Aminu a watan Afrilun 1983, Baba bai sa komai a bakinsa ba har dare. Amma a ganina abin da ya ɗauko daga wannan makaranta ya fi katin jam'iyya nauyi, wato yaƙinin cewa talaka yana da bakin magana, abin da ya rasa kawai shi ne mai kai maganar inda za a ji ta. Shi ya sa ya mayar da zaurenmu ajin yaƙi da jahilci bayan sallar isha'i, da allo ɗaya da fitilar ƙwai, kuma da aka fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976 ya bi gida-gida a kan kekensa yana lallashin iyaye su saki 'ya'yansu, musamman mata. A cikin masu ta'aziyya akwai wata ungozoma da ta kusa ritaya wadda ta ce sau huɗu Malam yana zuwa wurin mahaifinta kafin ya amince, kuma a karo na huɗun ma sai da ya yi alkawarin zai riƙa raka ta da kansa har ƙofar aji.

Dole in faɗi wata gaskiya a nan, domin godiyar ba za ta cika ba in na ɓoye ta. Muna yara ba kullum muke jin daɗin wannan hali nasa ba. Mun sha ganin tuwon darenmu ya fita zaure saboda baƙin da suka zo daga ƙauye da koke, mun sha jiran kuɗin makaranta alhali albashinsa ya tafi a kuɗin motar kai wani asibiti ko belin wani da aka tsare. Akwai lokacin da na tare shi da maganar, na ce Baba, mu ma ai mutane ne. Bai yi faɗa ba, ya dube ni ya ce: "Ku kuna da ni, su ba su da kowa." A ranar ban gamsu ba. Sai a wannan zaman makoki, da na ga waɗanda ya ce ba su da kowa sun cika zaure sun malala har bakin titi, na fahimci abin da yake nufi.

Ranar biyar wata mata ta zo daga ƙasar Anka da ɗanta matashi, ta shiga wurin Inna, ta ajiye ƙwarya cike da ƙwan zabi, sannan ta sa aka kira ni. Ta ce wannan yaron yana goye a shekarar 2010, lokacin da gubar dalma ta auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Mutane suna haƙo duwatsu masu zinari suna kawowa cikin gida, ana dakawa a turmi ana niƙawa a injin da ake niƙa hatsi, ƙurar tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki, ba wanda ya san dutsen cike yake da dalma. Yara suka fara amai da jijjiga da suma, ana zaton zazzaɓi ne ko iska, kafin a gano musabbabin, kuma an ƙiyasta aƙalla yara 400 ne suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Abare. Da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF suka zo, sun tarar da wani cikas da magani ba ya warwarewa, domin jama'a na tsoron in sun faɗi gaskiyar mace-macen za a hana su sana'ar da suka fara ganin kuɗi a cikinta, wasu kuma ba su yarda a ɗebi jinin 'ya'yansu ba. Baba ya riga ya yi ritaya, ba likita ba ne, ba kuma wanda ya aike shi, amma yana da tsofaffin ɗalibai a waɗannan ƙauyuka, sai ya tattara ya tafi. Matar ta ce mijinta ya rantse ba mai taɓa ɗansa, Malam ya kwana biyu a zaurensu yana cin abin da suke ci, yana bayyana masa cewa ba haƙar ake so ya bari ba, a fitar da niƙan daga cikin gida, a wanke jiki a sauya tufafi kafin a ɗauki yaro, a bari a kankare ƙasar tsakar gida a zuba sabuwa, domin maganin da ke fitar da dalma daga jini ba ya amfani in yaro zai koma cikin ƙurar da ta sa masa ciwon. A rana ta uku mijin ya ɗauki yaron da hannunsa ya kai shi. Ta ce da ɗanta: "Durƙusa ka gaida ɗan Malam." Ya durƙusa, ni kuwa na kasa amsa gaisuwar. Daga baya na tuna yadda Baba ya yi ta rubuta takardu a kan Bagega ta ƙasar Anka, wadda aikin tsabtace ta daga dalma ya yi jinkiri har sai a 2013, da yadda yake cewa kowace damina da ta wuce ba a yi aikin ba, yara ne ke biyan kuɗinta.

Shekarunsa na ƙarshe sun zo daidai da wannan musiba ta 'yan bindiga, ƙarfinsa ya ragu, idonsa ya yi rauni, amma zauren bai rufe ba. Ya zama masaukin waɗanda aka kora daga garuruwansu kafin su sami inda za su raɓa. Lokacin da aka sace ɗalibai mata na makarantar Jangebe a ranar 26 ga Fabrairun 2021, ya sa aka kai shi wurin iyayen ya zauna da su, kuma bayan an sako yaran 279 a farkon Maris, damuwarsa ta koma kan kada tsoro ya sa a cire su daga karatu gaba ɗaya. Da aka katse layukan waya a jihar nan ta Zamfara a watan Satumban 2021, sai tsohuwar sana'arsa ta dawo, mutane suka riƙa zuwa yana faɗa jikarsa tana rubutawa, ana ba direbobi wasiƙu su kai wa 'yan'uwa a Sakkwato da Funtuwa.

Akwai godiya ta musamman ga wasu mutane da ban zaci ganinsu ba. Baba yana da kaifin harshe idan ya ga an danne wa mai rauni haƙƙi, kuma akwai masu riƙe da muƙamai da masu sarauta da ya rubuta koke a kansu, wasu suka yi shekaru ba sa amsa sallamarsa. Da yawansu sun zo, sun bi sahu, sun raka shi har makwancinsa, ɗaya daga cikinsu ma ya kama makara. Mun gani, kuma mun gode. Duk wanda marigayin ya saɓa wa, da gangan ko bisa kuskure, muna roƙonsa don girman Allah ya yafe masa, domin shi ɗan Adam ne, kuma mai shiga tsakanin mutane ba ya rasa taka wani.

Ita kuwa Inna, ban san kalmar da zan gode mata da ita ba. Duk baƙon da ya ci abinci a wannan zaure daga tukunyarta ya ci, duk daren da Baba ya kwana a ƙauye ita ta riƙe gida, kuma sau biyu na sani ta sayar da kayan ɗakinta saboda hidimar da ba tata ba. Muna roƙon masu yi wa Baba addu'a su riƙa haɗawa da ita.

Sauran magana biyu. Ta farko, duk wanda ke bin marigayin bashi, komai ƙanƙantarsa, ko da shaida ko babu, ya zo ya same ni ko ƙanensa kafin a yi rabon gado, domin muna so mu sauke masa wannan nauyi. Ta biyu, a cikin akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadonsa mun tarar da takardun mutane da aka ba shi amana: takardun gonaki da na filaye, takardun fansho na wasu tsofaffin ma'aikata, shaidar kammala makaranta, da wasu koke-koke guda uku da bai kai ga miƙawa ba, kowanne ya ɗaure shi da zare ya rubuta sunan mai shi da garinsu a baya. Muna roƙon masu su, ko magadansu, su zo gidan kowace rana bayan sallar la'asar, musamman ranar Talata da mutanen ƙauye ke shigowa kasuwa, kuma wanda ya karanta wannan ya taimaka ya isar ga waɗanda ba su da waya. Koke-koken nan uku ni da kaina zan kai su inda ya yi niyyar kaiwa, da zarar masu su sun zo sun ba ni izini.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, Ya mayar da kowa gidansa lafiya, Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara.

Wassalamu alaikum, daga babban ɗan marigayin, a madadin iyali.